Gogo a Jajibere

Wata takwas ke nan Madu bai yi wa kowa zancen da ya wuce amsa gaisuwa ba. Ka ce masa ina kwana, ya ce lafiya, shi ke nan ya kulle baki sai gobe. Mutumin da a da in ya zo Gashuwa hutun Salla ba ya barin kowa ya tsoma baki a hira, yau ga shi a gindin tsamiyar gidan ƙanensa, fuska ta fuskanci katanga, sai ƙuda ke masa ziyara.

Shekara goma sha bakwai ya yi yana fayaman a tashar Nguru, shi ke zuba wa wuta gawayi a wani tsohon kan jirgi da ake shantin da shi. Kan jirgin nan ba ya zuwa Kano, ba ya zuwa ko'ina. Aikinsa tura taragun gyaɗa da na fatu daga wannan layi zuwa wancan, yana tari yana nishi, shi ya sa ma'aikata suka laƙaba masa Gogo, suka mai da shi mace. Wata Alhamis da hantsi, shekara huɗu bayan dawowar sojoji daga yaƙin Bama, kwalbar da ake duba ruwan tukunya da ita ta fashe a fuskar Madu. Tururi da gilashi suka tafi da idanunsa duka biyu. Aka ɗoro shi a mota da shi da matarsa Fanne zuwa gidan ƙanensa Laminu tinka.

Madu ne ya goyi Laminu bayan rasuwar ubansu, shi ya saya masa almakashin yankan gwangwani na farko. To Laminu bai nemi ido ya dawo ba, ya san wannan ya wuce. Abu ɗaya yake so, ya sake jin yayansa yana zuba zance kafin ƙasa ta karɓe shi, don jikin kullum zubewa yake yi.

"Yayanka fa loma biyu yake yi ya tsame hannu," in ji Fanne. "Na yi miyar kifi, na yi ta kuka, duk ɗaya."

Rannan da la'asar Laminu ya lura da hannuwan Madu. Shi yana zaune shiru, su kuwa suna aiki: na dama ya ja wani abu da babu shi, na hagu ya tura, su huta, su sake. Ashe ƙofar wuta yake buɗewa yana rufewa. Nan Laminu ya ƙudurta zai kawo masa Gogo har gida.

Sau biyu ya taɓa ganinta. Ya ajiye butoci da mazuraran mutane, ya yanka garwar kananzir biyu, ya yi mako uku yana lanƙwasa yana liƙi da dalma. Ta fito tsawon kamu ɗaya, da bututun hayaƙi, da ƙafafu shida masu juyawa. Ya goge ta sumul, ya shafa baƙin fenti, ya ja jan layi a gefe, har lamba ya zana mata. 'Yan kasuwa suka yi ta taruwa a rumfarsa suna sa albarka. Cikinsu kaf babu wanda ya ce masa, kai Laminu, wa za ka kai wa fenti? Shi ma kansa, duk wayon hannunsa, abin bai faɗo masa ba.

Ya ɗora ta a cinyar Madu. "Yaya, taɓa ka ji wa ta zo gaishe ka."

Yatsun suka bi ta daga gaba zuwa baya, suka dawo, suka tsaya a kan tankin ruwa suna laluben wani abu. Ba su same shi ba. Madu ya ture ta a hankali.

"Wannan ta masu ido ce," ya ce.

Maganar ta yi wa Laminu ciwo ƙwarai, mako uku fa. Amma da ya koma rumfa ya zauna, sai ya ga ai ba gaisuwa aka amsa masa ba, magana aka yi. Washegari ya hau motar gyaɗa zuwa Nguru don ya ƙare wa Gogo kallo. Sau uku suka sauka suna tura mota a yashin Jajimaji, bai isa ba sai azahar.

A tasha ya sami Modu mai haɗa taragu, abokin aikin yayansa, ya ce a nuna masa Gogo. Modu ya nuna masa wani kan jirgi baƙi wuluk yana walƙiya a rana.

"Ba wannan ba, tsohuwar nake nufi."

"Ita ce," in ji Modu. "Bayan abin da ya faru aka ja ta loko wurin gyaran jirage, ta yi wata biyar. Sun sake tanki, sun sake mataki, sun sake komai. Ko tarin ma ta daina. Mu kanmu yanzu kunyar kiranta Gogo muke yi."

Laminu ya matsa ya kama ƙarfen da ake riƙewa a hau, wanda yayansa ya riƙa shekara goma sha bakwai. Fenti ne dam a kai. Abin haushi, ta yi kama da tasa ta gwangwani sak. Ya jingina da ita ya yi kuka, Modu ya kau da kai ya ba shi wuri.

Da ya dawo Gashuwa ya shimfiɗa buzu kusa da Madu, ya ajiye guduma da magagari da 'yar Gogon a tsakaninsu.

"Yaya, na je Nguru na gan ta, amma idon tinka bai iya ganin jirgi ba. Sai ka faɗa mini."

Har Laminu ya fara tattara kaya. Sannan Madu ya ce, "Tana nan yadda take?"

"Tana nan," in ji Laminu, Allah ya yafe masa.

"To tankin hagu a loɓe yake. Taragon kanwa ne ya ƙwace ya daka mata."

Laminu ya juyo da 'yar Gogon tana kallonsa, ya rufe ido ya sauke guduma. Mutumin da tun yana yaro aikinsa fitar da loɓa daga buta, yau shi ke sakawa da hannunsa. Madu ya shafa ya ja tsaki.

"Hagun wa? Mu hagun wanda ke ciki muke faɗi, ba na ɗan kallo ba. Kai dai har yanzu ba ka da kai."

Rabon Laminu da zagi mai daɗin wannan tun suna yara. Ya buɗe tankin ya fitar da loɓar, ya mai da ita ɗaya gefen.

Daga nan kullum da hantsi suna gindin tsamiya. Matakin ƙasa a karkace yake, sai aka karkata shi. Usur da waya aka ɗaure shi tun zamanin wani direba mai fushi, sai aka ɗaure. Akwai faci a bututun hayaƙi mai ƙusa biyar, ɗaya ta fita. Ƙarfen riƙo kuwa Laminu ya kankare fentin, ya yi ta gurza shi da toka da man gyaɗa kwana huɗu kafin Madu ya yarda ya yi santsin da tafin hannu ke sa ƙarfe. Ya roƙi baƙin mai wurin direban mota, ya kwaɓa da kunkunniya ya shafe ta don wari. Maƙwabta suka ce tinka ya zautu, yana ɓata abin da ya ƙera. Kowace loɓa kuwa da labarinta, kuma Madu sai ya ba da shi tun daga tushe, da muryar direba, da ta akawu, da ta Modu. Fanne ta kan tsaya a bakin madafa da ludayi a hannu har miya ta kama. Ya ɗan ƙara cin abinci, sai dai jikin ya riga ya yi nisa.

Abu ɗaya Laminu ya ƙi sakawa da gangan. Rannan Madu ya zura ƙaramin yatsa cikin ɗakin direba, ya lalubi bangon tukunya.

"Ina kwalbar?"

"Yaya, ita ma?"

"Jirgi ba kwalba, da me za a san ruwa?"

Laminu ya roƙo kwalbar allura da aka gama da ita a disfensare, siririya kamar tsinke, ya yi mata gindi da dalma ya kafa ta. Madu ya daɗe da yatsa a kanta. Shi kuwa Laminu da ya saba duk abin da aka saka sai an ba shi tabonsa, sai ya ɗauki awartaki ya ce, "Daga sama ta fashe ko a tsakiya?"

Madu ya lalubo wuyan hannunsa ya riƙe, da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"A'a. Wannan yau Laraba ce a wurinta. Bar ta a jajibere."

Sai ya shiga ba da labarin Larabar, ana gobe kwalbar za ta fashe. Ya ce da yamma agwagin ruwa sun keto ta kan tasha daga wajen Dagona, sun fi dubu, ya tsaya da shebur a hannu yana kallo har direba ya daka masa tsawa. Ya ce da ya koma gida Fanne tana ɗaure da zanenta mai ruwan goro, wanda ya ce mata bai yi kyau ba, alhali ya yi. Fanne ta sa mayafi ta toshe baki ta shige ɗaki.

Da ya gama ya jawo Gogo jikinsa. "Laminu, ran da ka dawo daga Nguru hannun rigarka warin sabon fenti yake yi, irin na loko. Na san sun gyara ta." Ya shafa loɓar tankin hagu. "Wannan kaɗai ta rage. Kada ka bari kowa ya gyara."

Ruwan farko ya sauka ran Asabar, ran Litinin aka kai Madu makwancinsa.

Gogo tana rumfar Laminu a kan wani katako sama da butoci. Duk baƙon da ya gan ta sai ya ce, haba tinka, kai da gyara ne sana'arka ka bar wannan a loɓe haka? Laminu sai dai ya miƙe ya sauko da ita, ya naɗe bakin riga a ƙaramin yatsa, ya zura ya goge kwalbar.