Shanun Baffa Bube da Tattabarun Bature

Shekara biyu Maccido ya yi a makarantar koyon aikin dabbobi. Da ya gama, hukumar En'e ta ajiye shi a Tambuwal, aka ba shi keke da akwatin allura, aka ce ya bi rugagen ƙasar Kebbe yana yi wa shanu rigakafin cutar bushiya. Murna ta kama shi, don a can dangin mahaifinsa suke.

Da bakinsa ya jawo wa kansa. Ranar kasuwar Kebbe, ana hira a rumfar masu goro, sai ya ba da labarin wani Baturen Ingila da ya zaga duniya a jirgin ruwa, ya dawo ya ce halittu suna sauyawa a hankali, har ma mutum da biri asalinsu ɗaya. Malam Jumare, limamin unguwa, ya ce shi dai abin da ya sani daga ƙasa aka halicci Annabi Adamu. Maccido ya ce shi ma haka ya yarda, karatu ne kawai aka koya musu. Babu wanda ya ji wannan ƙarashen, dariya ta riga ta cinye shi.

Kafin ya isa Fakku, garin dangin nasa, labari ya riga shi. Gwaggonsa Lauratu ta tare shi da ƙwaryar fura, fuska ba wasa.

"Gara da ka zo, Maccido. Danginka birai sun gama muna da dawar bayan rafi. Ka tai ka yi musu magana, mu ba su jin tamu."

"Gwaggo, ni ban ce biri ya haife mu ba. Cewa anka yi kaka ɗaya..."

"Kakan wa? Ni dai na san nawa."

Abin da ya fi damunsa Baffa Bube, yayan mahaifinsa, mai garken da ya fi kowane girma a yankin. Ya aiko cewa wanda bai iya rarrabe mutum da biri ba, ba zai soka wa saniyarsa ƙarfe ba. Da sauran makiyaya suka ji, su ma suka noƙe.

Da hantsi Maccido ya tafi rugar, ya bar akwatin a gida. Bayan gaisuwa ya tsaya yana kallon shanun. Gajeru ne, ba su kai na Tambuwal kyan gani ba, amma ga ƙudan tsando mai kawo cutar sammore na ta shawagi, su kuwa ƙalau.

"Baffa, mi ya sa sammore bai kada naka?"

Bube ya gyara tsayuwa a kan sandarsa. Ya ce zamanin mahaifinsu, da suka matso kusa da daji, manyan shanun duk suka zube, 'yan ƙalilan suka rage. Waɗanda suka ragen su suka haihu, 'ya'yansu suka ɗauko juriyarsu. Tun daga nan ba ya barin bijimi a garke sai wanda uwarsa ta ga damina biyar ba ta kwanta ba.

"Baffa, ai maganar Baturen ke nan! Mai juriya shi ka saura, shi ka haihuwa, a hankali iri ya sake."

"Wanga shi na karatun da kuka yi shekara biyu?"

"Rabinsa ke nan."

"Shanu nawa gare shi, Baturen?"

Maccido ya sosa ƙeya. "Tattabaru ya kiwata."

Bube ya yi dariya har sai da ya dafa wata karsana. "Tattabaru! Bawan Allah, da ya zo nan ya tambaye ni, da bai sha wahalar jirgi ba." Ya share hawaye da hannun riga. "To, na shanu na yarda, don na gani da idona, kuma ikon Allah na. Na biri kuwa, ka tambayi dangin uwarka."

Washegari Maccido ya dawo da akwatinsa. Bube da kansa ya riƙa kamo shanun, kowace sai ya faɗi sunanta da na uwarta da na kakarta kafin ya yarda a soke ta. Aikin da ake gamawa kafin azahar, sai da suka kai la'asar.