Layin Maraɗi

Tsahara ta tattare hijabinta, ta kama ƙarfen ƙofa, ta haye gaban tirelar mahaifinta Inusa. Motar ta daɗe a tsaye a bakin iyakar Jibiya tun da aka rufe boda, har kaji sun fara ƙwai a ƙarƙashinta. Nan ne ajinta yanzu. Jami'ar kuɗin da wata gidauniya ta kai ta a Abuja ta sallami ɗalibai saboda annoba, ta ce kowa ya bi darasi ta waya, sai ka ce duk duniya Abuja ce. A gidansu babu sabis. Shagon cajin waya kuwa cike yake da maza, kuma 'yan Hisba sun taɓa yi mata magana, cikin ladabi dai, amma ta gane.

Layi biyu ne a wayarta. Na Najeriya na karatu ne. Ɗayan tsohon layin mahaifinta ne na Nijar, inda ake ce wa sabis rezo, shi kaɗai mahaifiyarta Ma'u ta haddace. Ma'u ta tafi jinyar yayarta a wani ƙauye bayan Maraɗi, hanya ta rufe a bayanta. Ba ta da waya, sai ta shigo gari ta samu aro. Saboda haka Tsahara ba ta taɓa kashe layin ba, ko da ana tsakiyar darasi. Duk kiran da ya shigo sai ya yanke mata aji, ta ɗauka, ta ji wani ɗan kasuwa yana tambayar Inusa direba da buhunan wake. Kewa ta ishe ta, har abinci ya daina yi mata daɗi.

Malaminsu bai san wannan ba. Shi dai ya ga ɗaliba tana ɓacewa kullum. Ya ce yau, ranar gabatar da aiki, in ta sake yankewa ta faɗi kwas ɗin. Gidauniya kuma ba ta riƙe wanda ya faɗi.

Inusa ya leƙo ta taga.

"Ɗiyata, hiddo layin nan ki ba ni."

"Baba, in Inna ta kira fa?"

"In ta kira ai ba bango za ta iske ba. Rezon Maraɗi ya san ni kahin ya san ki."

Ta ciro layin da tsinken hijabi. Ya sa shi a ƙaramar wayarsa mai ɗaure da kyauro, ya zagaya ya zauna a kujerar direba.

Da aka kira sunanta, ta gyara zama ta fara bayani da Turanci. Ta yi nisa ke nan sai wayar Inusa ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya yi ƙasa da murya. Daga yadda ya ce "Na'am" ta san ko wace ce. Maganarta ta sarƙe. Fuskar malamin na nan a kan allo yana jiranta.

Inusa bai miƙa mata wayar ba. Ya sunkuyo, ya riƙe ta dab da haɓarta, inda kyamara ba ta gani, ya yi mata alama da kai ta ci gaba.

Ta ci gaba. Ta ɗaga murya fiye da yadda darasin yake bukata, tana jero Turancin da Ma'u ba ta jin ko kalma ɗaya a ciki. Can Inusa ya mai da wayar kunnensa, ya saurara, ya sauke.

Malamin ya ce ta yi ƙoƙari, ya kira na gaba. Ta juyo da sauri.

"Ba ni ita, Baba!"

"Mai wayar ya karɓi abinai, motarsu za ta tashi."

Tsahara ta kalli shingen da ya tare hanyar Maraɗi.

"Me ta ce?"

Inusa ya share ido da gefen hula.

"Ta ce ta ji mura a muryarki. Wai ki dafa citta ki sha."