Mesar Siton Tahidu

A shekarar da fari ya haɗu da gobarar daji, kowane buhun masara a Tamale yana da maƙiya biyu: ɓera da ɓarawo. Sumani mai lori uku ya ƙara wa kansa na uku, wato Tahidu.

Sana'arsu ɗaya, kai kayan 'yan kasuwa Kumasi. Tahidu lori ɗaya gare shi, tsohuwa mai tari, amma yana da sito a unguwar Sakasaka. In man mota ya yanke, kayan mutane su kwana a ɗaki. Na Sumani kuwa a fili suke kwana ƙarƙashin tamfol. Da ya ji Hajiya Barikisu, wadda rabin lodinsa nata ne, tana tambayar hanyar siton, sai hankalinsa ya tashi. In ta tafi, sauran mata binta za su yi.

Sai ya zauna wurin mai shayi, ya rage murya yadda kowa zai ji. “Ni ban faɗa ba fa. Amma akwai mesa cikin siton nan, kaurinta kamar turmi.”

Kafin la'asar mesar ta kai unguwar Nyohini a bakin mutane, ta haɗiye akuya a hanya. Sumani har da ƙarin tuwo ranar, don murna.

Hajiya Barikisu ta ji labari, ta tafa hannu. “To, wane ɓera zai zauna da mesa? Wane ɓarawo zai shiga? Ku kwashe min kaya zuwa can!”

Aka tambayi Tahidu, ya ce shi dai ba ya shiga zancen baƙonsa.

Sito ya cika har bakin ƙofa, lori ɗaya ta kasa. Ga na Sumani suna shan rana babu lodi. Dole ya haɗiye girmansa ya karɓi aikin jigila daga hannun Tahidu, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Ranar lodin farko 'yan dakon Sumani suka tsaya a ƙofar sito, suka ƙi shiga.

“Masta, kai da bakinka ka ce akwai ta ciki.”

Sumani ya buɗe baki, ya ga Hajiya zaune a kan benci tana kallonsa. Ya rufe.

Tahidu ya miƙo masa gammo. “Bismillah, ɗan'uwa. Kai da ka san inda take kwanciya.”