Ƙusar da na buga a banɗakin Yaya

Wata huɗu ina ɓoye maganar ƙusar nan. Da na dawo gidan Yaya da zama bayan rasuwar Mama, na rasa inda zan rataye tawul a banɗaki. Wata rana ba kowa a gida, na ɗauki guduma na buga ƙusa a bango, daidai saman famfo. Ba a yi sati uku ba fenti ya fara kumbura, sannan ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa, baƙin fumfuna ya bi kusurwa har sama. Ni dai na gama yanke wa kaina hukunci, na huda bututun ruwa a cikin bango.

Kullum Anti, matar Yaya, ta fito daga wanka sai ta ja tsaki ta ce bangon nan wata rana a kan mutum zai faɗo. Ni kuwa in sunkuyar da kai. Yaya ne ya dage sai na zauna a wurinsa, ga shi da hannuna na lalata masa gida.

Ranar Asabar Yaya ya zo da mai fenti, wani dattijo gajere mai son wasa. Anti ta fara zancen kala, ya ce ta ajiye wannan tukuna. Sai an kankare tsohon fentin tas, an wanke fumfunar, an cike ramuka da filasta, an goge da samfefa, sannan a bar bango ya sha iska kwana uku. Ya miƙa mana faffaɗan ƙarfe ɗaya-ɗaya, ya ce yau kowa yaronsa ne, har mai gida.

Na yi sauri na zaɓi bangon famfo. Ina kankarewa ina zagaye ƙusar, gumi har cikin idona. Can na ga dattijon ya matso da filaya a hannu.

"Baba, kar ka cire," na ce. "Ruwa zai fito. Ni na buga ta, ta huda bututu."

Yaya ya tsaya da kankara. Dattijon ya dube ni, ya dubi ƙusar, ya sa filaya ya fizge ta. Na runtse ido. Da na buɗe, ɗan garin siminti ne kawai ya zubo, busasshe ƙayau.

Ya ce in biyo shi. A bayan gida ya nuna mini bututun, ashe ta waje ya bi, ta ƙasa ya shiga, ko kusa da ƙusata bai je ba.

Da muka koma ya ɗauki ɓawon fenti ɗaya ya juya shi. Ya tambaya wane gwani ne ya shafa fentin ruwa a kan fentin mai, ko gogewa bai yi ba, kuma wa ya toshe 'yar tagar sama da kwali har tururi ya rasa hanyar fita. Yaya ya yi gyaran murya, ya ce ai sauro ne ya dame su bara.

"Ashe injiniyan a gida yake," in ji Anti. Ta yi dariya har ta zauna a kan bokiti.

Yaya ya hau kujera ya zare kwalin da kansa, iska ta shigo. Da ya sauko ya dafa kaina.

"Auta, wata huɗu kina ɗauke da wannan ke kaɗai? Ko bututun kika fasa, ai bututu ne."

Na ɗauki ƙarfena na koma bangon, kafin azahar na kankare shi har ƙasa.