Taku Ashirin Daga Ɗakin Iya

Ummulkhair, 'yata ta fari, da hannunta ta kafa wata eriya a tsakar gidanmu na Sule Tankarkar kafin ta koma jami'a. Aikinta na kammala karatu ke nan: ta gano ainihin hanyar da wani tauraron ɗan'adam yake bi a sama. Ta kafa ɗaya a Gumel, ɗaya a Maigatari, tamu ce ta uku. Duk sanda tauraron ya wuce, kowace na'ura za ta auna nisansa daga inda take ta tura mata, ita kuma ta haɗa ukun ta fitar da hanyar.

Ta ce, "Baba, wurin nan na auna shi daidai. Don Allah kada a matsar da ita, ko kamu ɗaya."

Na ce to.

Sai damina ta sauka. Ƙarfen eriyar ya fi katanga tsawo, ga shi a jikin ɗakin Iya, mahaifiyata. Duk hadarin da ya taso sai gabana ya faɗi, ina ganin aradu za ta biyo shi. Wata Laraba na tone shi na mayar bayan rumbu, taku ashirin. A raina na ce, abin da yake can ƙololuwar sama, ina ruwansa da taku ashirin?

Bayan mako biyu ta kira ni.

"Baba, lissafina ya ƙi haɗuwa. Ta Gumel da ta Maigatari bakinsu ɗaya, ta gida ce take ja gefe. Ko an taɓa ta?"

Ina tsaye a kan ramin da na cike. Kunya ta kama ni, na ce, "Haba Ummu, wa zai taɓa ta?"

"To kuskuren nawa ne ke nan," in ji ta.

Wata biyu ta yi tana neman kuskuren da ba ta yi ba. Lokacin miƙa aiki ya wuce, malaminta ya ce sai baɗi.

Ranar da ta dawo gida, ta rame. Ta gaida Iya, ta fito, ta tsaya a inda ƙarfen yake a da. Sai ta hango shi a bayan rumbu.

Na ce, "Tsoron aradu na ji, saboda Iya."

"Ai da ni ma na matsar, Baba. Da ka faɗa mini, sabon wurin kawai zan auna. Aikin wuni ɗaya ne."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba. Tana gaishe ni kullum da ladabi. Sai dai yanzu in ta tambaye ni wani abu na ba ta amsa, sai in ji ta shiga ciki ta sake tambayar mahaifiyarta.