Dakalin Gajere Mai Taya

Wai a ce mutum ya mallaki gida, amma ba shi da inda zai ce wa baƙo "bismilla, zauna"! Abin da ya sami Alhaji Gajere ke nan tun da ya tare a sabon rukunin gidaje na bayan garin Mafara. Gidajen kam sun yi kyau, sai dai mai zanen bai sa zaure ba, namiji baƙo kuwa ba ya kutsa kai cikin gidan mutane. Aminansa Dikko da Bappa sukan zo daga Garbadu ran kasuwa, a gaisa a tsaye cikin rana, su juya. A hankali suka ɗauke ƙafa, abin ya yi wa Gajere ciwo ƙwarai.

Sai ya gina dakali a ƙofar gida. Siminti bai gama bushewa ba aka shafa masa jan fenti, wai a rushe.

A fusace ya isa ofishin tsara gari, ya tarar da wata ma'aikaciya, Hikima.

"Ɗiyata, dakali fa, ba bene ba! Mi ya yi muku?"

"Baba, tsakanin katanga da titi hanyar ruwa ce, ba a gini. Sai dai abin da za a iya turewa gefe in aiki ya taso, shi doka ta ɗaga masa ƙafa."

"Turewa kika ce?"

Wallahi ko sallama bai yi mata ba. Ya zarce wajen Murtala mai walda, aka ƙera masa dakalin ƙarfe mai shimfiɗar katako, aka sa masa tayoyin baro. Ya aika Garbadu cewa wurin zama ya samu.

Ran Talata sai ga tsofaffin, suka hau suka baje. Gajere na ta zagaye su, baki har kunne. Ana cikin gaisuwa Hikima ta iso dubawa.

"Baba, sai na ga ya motsa da idona."

"Ni ba ni sauka," in ji Dikko. "Yanzu munka zauna."

Gajere ya naɗe babbar riga, ya zare dutsen da ya tokare taya, ya tura. Ya manta ƙofar gidan gangare ce! Dakali ya kama hanya. Bappa na salati, Dikko ya dafe hula yana ihun "birki, Gajere, birki!", Gajere kuwa yana bin su da takalmi ɗaya. Hikima ta yi dariya har ta durƙushe, tana cewa, "Ya motsa, Baba, na amince!"

Tarin yashi ne ya tsayar da su a ƙofar wani gida can ƙarshen layi. Gajere ya iso yana haki, hawayen dariya na zuba.

Ƙofar ta buɗe. Wani dattijo ya leƙo, maƙwabcin da Gajere bai taɓa ko ganin fuskarsa ba. Ya dube su, ya koma ciki. Suka zura wa ƙofar ido, suna jiran faɗa.

Sai ga shi ya fito da hula a kai, da butar shayi a hannu.

"Salamu alaikum. Sunana Yakubu," ya ce a hankali. "Tun da na tare nan ban samu wanda zan yi hira da shi ba. Akwai wuri?"

Gajere ya zunguri Bappa. "Matsa mana, kai!"