Dutsen Alhaji Ya Yi Fure

Hantsi ne, wajen ƙarfe goma. Tun asuba sama ta yi lumshi amma ruwan ya ƙi sauka, sai gumi da ke bin bayan mutum. Amidu yana durƙushe a falon Alhaji Sabitu, goshinsa a jikin gilashi, yana ƙirga. Ya kai arba'in da ɗaya ya rikice, ya koma farko.

Abin da yake ƙirgawa wasu 'yan halittu ne masu ruwan ƙasa, kamar fure, kowanne da siraran yatsu suna kaɗawa cikin ruwa. A kan duwatsun akwatin kifi suka tsiro. Wata guda da ya wuce guda uku ne kacal.

Akwatin nan da na wani Bature ne, injiniya a tashar jiragen ruwa, wanda Amidu ya yi wa aiki shekara shida. Da zai koma ƙasarsu sai ya sayar wa Alhaji, mai shagon atamfa a kasuwar Adawlato, shi kuwa Alhaji ya ce ba ya saye sai da mai kula da shi. Haka aka kwaso akwati da kifi bakwai da Amidu da matarsa Adjara zuwa Zongo, aka ba su ɗakin da ke kusa da zaure. Ranar da Alhaji zai tafi Makka ya tsaya a bakin mota ya ce, "Bakwai na bari, Amidu. In na tarar da shida, ka san ɗakin nan akwai masu so." Da dariya ya faɗa, amma shi Alhaji ko da dariya ya faɗi magana, to ya faɗe ta.

Gobe yake dawowa. Ga kifin nan mai ruwan ɗorawa, wanda ya fi so, kwana huɗu bai ci komai ba. Ya maƙale a kusurwa, da farin tabo a gefen ciki inda furen ya harbe shi.

Amidu bai yi nisa a makaranta ba, amma duwatsun nan ya san su. Baturen ya koya masa cewa rai gare su, su ke tace ruwan. Ɓawon nan shunayya da ke manne kamar busasshen fenti, alamar lafiya ce, ba a taɓa shi. Koriyar gansakuka mai kama da gashi, a tsige da hannu. Tsutsa mai ƙaya da ke ɓuya a ramuka a ƙyale ta, shara take ci, kada dai a kama ta da yatsa. Fure mai ruwan ƙasa kuwa, nan Baturen yakan ɗaga yatsa: ba a yankewa, ba a kankarewa, kowane ɓarɓashi sabon fure zai zama.

Wannan na ƙarshen ne bai taɓa gaya wa Adjara ba. Wata rana ya tafi bakin teku ɗebo ruwa a jarkoki, aka tare hanya saboda 'yan rawar jam'iyya suna jiran wucewar manya, ya wuni a can. Hajiya Kulsum, matar Alhaji, ta leƙa falo ta ce duwatsun sun yi dauɗa. Adjara ta ɗauko wuƙar yankan kuɓewa ta kankare furannin nan uku tas, yadda take kankare gindin tukunya, ta tare shi a ƙofa tana murmushi wai ta rage masa aiki.

Yanzu ga ta tsaye a bayansa, hannu a ƙugu, ciki wata takwas.

"Nawa ne yau?"

"Ban gama ba."

"Maigida, ka gaya wa Alhaji ni ce."

"In na gaya masa, ke kaɗai za a kora a bar ni da tabarma? Je ki zauna, ƙafarki ta kumbura."

Magani ɗaya ya sani. Ya aro sirinji wajen Mamadou mai kemis, yana zuƙo ruwan lemon tsami, ya sa hannu a hankali, ya soka a bakin furen kafin ya shige rami, ya matsa kaɗan. Biyar a rana. In ya wuce haka ruwan zai yi tsami, kifin duka su juya ciki sama. Yana kashe biyar, wasu ƙananan da bai gani ba suna tasowa.

Hajiya ta shigo da tsintsiya ta same shi hannu a ruwa har gwiwar hannu.

"Kai ne ka ƙarar min da lemo ashe. Amidu, gobe gidan nan cike yake da baƙi. Fito da duwatsun nan a wanke da soso da sabulu, a huta."

"Hajiya, in aka wanke su mutuwa za su yi."

"Dutse ne zai mutu? Adjara, zo ki ji, Yovo, Baturen nan, ya tafi da hankalin mijinki a akwati. Lemona dai ka ƙyale min."

Washegari bayan la'asar mota ta tsaya. Aka yi guɗa, aka yi addu'a, aka raba dabino da zamzam. Alhaji ya shigo falo da jama'a a bayansa, ya miƙe sai gaban akwatin. Amidu yana tsugune a gefe. Alhaji ya ƙirga da yatsa, bakwai. Sannan ya sunkuya, ya gyara tabarau.

"Masha Allah! Jumare, zo ka gani. Shekara shida a gidan Bature dutsen nan bai yi fure ba, sai a gidana!"

Jumare, abokin cinikinsa, ya ce ai albarkar tafiya ce ta riga shi isowa. Jama'a suka matso suna tasbihi.

"Amidu, ka yi ƙoƙari. Kada ka taɓa min ko ɗaya, ka ji? So nake su rufe dutsen duka."

Amidu ya shiga lissafi. In ya yi shiru, yau dai ya kwana lafiya, kafin mako mai ɗorawa ya mutu, sauran su bi shi. In kuma ya yi magana, ya gyara wa maigida zance a gaban baƙinsa, ranar da ya dawo daga Makka. Ya dubi kifin can a kusurwa, yana buɗe baki yana rufewa.

"Ranka ya daɗe, a yi min izini in nuna wani abu."

Ya tsinko ɗan naman jatan lande daga abincin kifin, ya soka a tsinke, ya saukar a hankali. Furen ya cafke, yatsun suka naɗe, naman ya ɓace. Wani a baya ya yi salati.

"Ba fure ba ne, ranka ya daɗe, dabba ce, harbi take yi. Dubi tabon da ke cikin mai ɗorawan can."

Alhaji ya dubi tabon. Jumare ya shiga gyaran hularsa.

"Wa ya bari suka yi yawa haka?"

Labulen cikin gida ya motsa. Hajiya tana tsaye a jikinsa, Adjara a bayanta tana son fitowa, Hajiya ta tare ƙofar da hannu.

"Ni ne," in ji Amidu.

"Kwana nawa za ka share su?"

"Goma, in Allah ya so. Ba a gaggawa da su."

"Goma. In wancan ya mutu kafin nan, ka san sauran." Ya juya ya ce a kawo wa baƙi ruwa.

Amidu ya fara da na kusa da kusurwar kifin, don ya samu wurin juyawa. A rana ta huɗu da safe, mai ɗorawa ya fito, ya tsinci abinci sau ɗaya, ya koma. Sau ɗaya tak. Amidu bai kira kowa ba, tsoro yake kada ya yi murna da wuri. Lemon da Adjara ta roƙo a maƙwabta saura rabin guda, shi ma ya bushe. Ya matse shi da ƙarfi ya samu abin da zai ishi fure ɗaya.

Yana sunkuye, allurar tana daf da bakin wani babba, ya ji an ajiye abu kusa da gwiwarsa. Ƙaramin kwanon sha ne, cike da ruwan lemo, an matse an tace, ba ko ƙwallo ɗaya. Ƙarar awarwaron Hajiya ta yi cikin gida. Amidu bai ɗago ba, don in ya motsa furen zai shige rami. Ya riƙe numfashi ya matsa.